Kujera Ta Biyar

Litinin, 2 ga Mayu 2011, ƙarfe 5 na yamma

Rômulo ya kawo kujerun yau, guda takwas, an lulluɓe su da tsofaffin barguna a bayan mota. Duk zanen mahaifinsa ne, Baffa Olegário, samfurin farko da ya fitar tun yana saurayi: gefe biyu an yanko su daga katakon filawud sun lanƙwasa kamar wuyan agwagwa, mazaunin ya ɗan kwanta baya. Na gyara irinsu ba adadi, amma ban taɓa ganin takwas 'yan gida ɗaya ba.

Ya ce a gwanjon kayan wani gidan gona ya samo su, mai gidan ya mutu, magada suka watsar da komai. Tsakiyar zaure za a jera su ranar 18 ga Yuni, a baje kolin da za a yi nan São Paulo don karrama Baffa.

"Ƙanwata, so nake su fito kamar amare. Kada tsoho ya ji, ba-zata zan yi masa."

"Mako shida? Ka ɗauka wanke-wanke ne?"

"Haba Dalva, ke da hannunki na gado ne."

Ya faɗa, sai ya tuna da zancen Babana, ya kama duba wayarsa.

Baba Firmino, mai yi mini aikin soso da yadi shekara ashirin da biyu ke nan, ya zagaye su yana toshe hanci. "Uwar ɗakina, waɗannan mutane ne suka zauna a kansu ko kaji?" Muka sa musu lamba da alli, ɗaya zuwa takwas.

Laraba, 4 ga Mayu, ƙarfe 1 na rana

Na gama kankare ta ɗaya. Da tsohon mai ya fita, katakon ya fito launin zuma, fale-falen nan bakwai a gefe ana iya ƙirga su da farce. Yankan Babana ne. Ko a duhu na shafa zan gane.

Babana, Anísio, shi ne babban kafinta a masana'antar Baffa. Baffa ya zana, Baba ya yanka. Ina shekara takwas ya tafi. Mama ta ce wata mace ya bi zuwa Recife, daga nan ba a sake ɗaga maganar ba a gidanmu. Baffa ne ya tsaya mana. Shi ya riƙe ni a coci ranar baftisma, shi ya koya mini yadda ake bin katako da samfefa ba a saɓa wa jijiyarsa. Abin da ya rage mini na Baba zarto ɗaya ne, yana rataye a bango, da ɗan kifin da yake zanawa a mariƙin duk kayan aikinsa: layi biyu sun haɗe baki sun gitta a wutsiya, da ɗigo ɗaya na ido.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba. Ƙamshin katakon ne.

Juma'a, 6 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma

Ta biyar ba kamar sauran take ba.

Sauran rana ta cinye musu launi ta gefe ɗaya, alamar falo mai taga. Ita ba ta taɓa ganin rana ba. A hannuwanta biyu akwai gurbi, ya zagaye katakon, wuri ɗaya dama da hagu. Akwai irinsa a ƙafafun gaba, ƙasa-ƙasa. Ba yanka ba ne. Gugar wani abu ne da aka ɗaure tam, aka yi ta ja.

Na kira Baba Firmino. Ya sa tabarau, ya shafa, ya sake shafawa.

"Kare ne ya gaigaye."

"Kare mai tef ɗin awo?"

Bai yi dariya ba. Ya je ya kashe rediyo, abin da bai taɓa yi ba kafin tashi. Da ya fara cire yadin mazaunin, ya ga tabon da ya ratsa soso har katako, sai ya yi alamar gicciye ya ce bayansa na ciwo, zai tafi gida.

Asabar, 7 ga Mayu, da safe

Ban taɓa ta biyar ba.

Litinin, 9 ga Mayu, ƙarfe 2 na rana

Na buga wa mai gwanjo waya, na ce ina son tarihin kujerun don takardar baje koli. Mutum mai surutu. Ya ce gidan na wani kanar ne mai ritaya, can kudu da birni a hanyar dam, ya mutu a Fabrairu yana da casa'in da wani abu. Bakwai a falo suke. Guda a wani ɗaki ta baya aka same ta, ɗaki marar taga, sai da aka fasa kwaɗo.

"Mutanen wurin da camfi, hajiya," in ji shi, haka yake kiran kowace mace. "Masu ɗaukar kaya da na ɗauko a ƙauyen, ko ɗaya bai yarda ya shiga ɗakin ba."

Na yi aiki a ta biyu da ta uku. Ban taɓa ta biyar ba.

Laraba, 11 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Na kifa ta ne don in duba kusoshin hannu, ba don komai ba.

Ɗan kifin nan yana ƙarƙashin hannun dama, can gaba. Ƙarami, karkatacce, wutsiyar ba ta gitta daidai ba. An ƙarce shi ne a kan man sheƙi, wato bayan kujerar ta bar masana'anta. Ƙaramar ƙusa ɗaya daga masu riƙe fatar hannun babu ita, sai raminta.

Na sauko da zarton daga bango na ajiye kusa da shi.

Baba bai taɓa sa kifinsa a jikin kujera ba. Baffa ya hana.

Na mayar da ita tsaye, na zauna. Na ɗora wuyan hannuna a kan gurbin, na lanƙwashe yatsuna ƙasa. Daidai wurin suka sauka.

Baba Firmino ne ya ɗaga ni. Ya ce, "Tashi, 'yar nan. Kada ki ƙara zama a kanta." Yau bai ce uwar ɗakina ba.

Alhamis, 12 ga Mayu, da yamma

Yayyafi tun safe. Gam ya ƙi bushewa. Na ɗora farar takarda a wurin na goga fensir a kai har ya fito, na ninke na sa a jaka.

Lahadi, 15 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Na je Santo André wurin Mama bayan coci. Na same ta tana tsince wake, rediyo na ta wa'azi.

"Mama, ya sunan matar nan?"

"Wace mata?"

"Ta Recife."

Ta ci gaba da tsinta. Ta ware tsakuwa uku gefe.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

"Shekara arba'in ba ki tambaya ba, sai yau? Ruwa ba ya tsami banza, Dalva."

Ta ture farantin.

"Babu wata mata. Ubanki ko garin Santos da ke nan kusa bai taɓa zuwa ba sai da ni."

Ta ce ranar Alhamis ce, zamanin soja, mota marar lamba ta tsaya a ƙofar masana'anta lokacin tashi. Baba yana cikin masu tara ma'aikata a bayan rumbun katako don neman haƙƙinsu, kowa ya sani. Da yammar ranar Baffa ya zo gida da kansa, ya ce mata ta ce mace ya bi, ta faɗa wa maƙwabta, ta faɗa wa limamin coci, ta faɗa mini. In ta je neman sa, za su dawo su ɗauke ta.

"Na zaɓi matan layi su yi mini dariya da in bar ki ba uwa ba uba. Kuma sun yi. Har waƙa suka yi mini."

"Ba ki taɓa tambayar Baffa yadda ya sani ba?"

Ta tashi ta ɗora tukunya. Ta ce in tsaya in ci abinci, na rame.

Ban gaya mata maganar kujerar ba.

Talata, 17 ga Mayu, ƙarfe 3 na rana

Rômulo ya zo ba sanarwa. Ba-zatar ta lalace: bai iya haƙuri ba, ya nuna wa Baffa hoton kujerun a waya. Tsoho ya tambayi inda aka samo su. Da ya ji, ya ture abinci, bai ƙara ci ba tun Asabar. Abu ɗaya kawai yake maimaitawa, wai akwai wadda ba ta falo ba.

"Akwai wata mai matsala a ciki?"

Na nuna masa gurabun. Ƙasan hannun ban nuna masa ba. Ya kalla, fuskarsa ta canza, sannan ta koma yadda take.

"Ki cike da gam da garin katako, ki bi da samfefa. Aikin rabin yini ne."

"Ba zan kankare ba."

"To ba ni ita, in kai wa wani."

"Ba ta gama bushewa ba."

"Dalva, me aka shafa mata da za ta bushe?"

Muka tsaya muna kallon juna. Tare muka yi wasa a cikin garin zarto ni da shi, yana ɗora ni a kan baro.

"Ban san abin da kike tunani ba, kuma ba na son sani," in ji shi. "Mutumin nan shekararsa tamanin da shida. Saura wata guda duniya ta tafa masa. Ki bar kaza cikin gashinta."

Bayan tafiyarsa Baba Firmino ya ce, "Motar surukina tana nan. Ɗakin ɗinkin matata ba mai shiga sai gizo-gizo." Muka naɗe ta da bargo.

Alhamis, 19 ga Mayu, ƙarfe 12 na rana

Baƙar mota a gaban gidan burodi tun ƙarfe takwas. Mutum biyu. Ba su sayi burodi ba.

Asabar, 21 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Wani ya shigo, mai furfura, askinsa ƙwal, takalmi na sheƙi. Wai teburi yake son a gyara masa. Bai san ko na wane katako ba ne, bai san tsawonsa ba. Idonsa na kan kujerun, leɓensa na motsi.

"Na ji an ce takwas ne."

"Wa ya ce?"

Ya yi murmushi, ya ce shagon yana da kyau, sai dai katako da tiner a wuri ɗaya abin tsoro ne, in riƙa kula.

Baba Firmino ya raka shi ƙofa da almakashin yadi a hannu, yana ce masa a gai da teburi.

Litinin, 23 ga Mayu, ƙarfe 8 na safe

An yanke kwaɗo. Ba a ɗauki komai ba, ko injin yanka. Kujeru bakwai an kifa su a jere, ƙafafu sama, an saka kowace a kan bargonta don kada ta ƙarce.

Wannan kulawar ce ta fi tsorata ni.

Talata, 24 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma

Na kira gidan Baffa. Mai jinyarsa ta ce yana barci.

Laraba, 25 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Yana barci.

Juma'a, 27 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Yana barci. Sai Rômulo ya kira da kansa. Na ce masa ya aiko a biya ni kwaɗona.

"Kin ɗauka ni ne? Ni da nake da makullin shagonki tun bara?"

Gaskiya ne, na manta.

"Mai gwanjo ya gaya wa duk wanda ya tambaye shi cewa wata mata ta kira tana bincike. Ba ni kaɗai ke da uba ba, Dalva. Kanar ma ya bar 'ya'ya da abokai, su kuma ba kujeru suke sayarwa ba. Don Allah ki fito da ita a ƙona, kowa ya huta."

Ban taɓa jin Rômulo yana tsoro ba sai yau.

Na shafa wa ta shida mai na biyu. Hannuna na aiki shi kaɗai.

Talata, 31 ga Mayu, ƙarfe 2 na rana

Baffa ya zo.

Shi kaɗai, a tasi, wajen sha ɗaya, kwat a kan rigar barci. Ya ce mai jinya ta fita sayen magani. Ya rame har wuyan rigar na yawo. Ya tsaya a tsakiyar shago da sandarsa yana kallon bakwai ɗin.

"Kin fi ubanki iya shafa mai. Yanka kam ba ki kai shi ba." Sannan ya ce, "Ina take?"

"Ba ta nan."

Na ciro takardar daga jaka na buɗe masa a kan teburin aiki. Ya kusantar da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓawa.

"Sau nawa na hana shi," in ji shi a hankali. "Na ce kujera ba ƙotar gatari ba ce."

Baba Firmino ya tura masa benci, ya zauna. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara.

"Kanar abokin ciniki ne. Ni na ba shi takwas ɗin nan kyauta da ya gina gidan. Ya zo ofis ya ce suna ɗaya yake so, in ba haka ba a rufe masana'anta a kwashe mutum sittin. Na ba shi sunan Anísio. Na ce a raina kwana biyu za su riƙe shi, su mammare shi, su sake shi."

"Ka ce a ranka."

"Bayan wata guda ya kira ni in auna masa kantar littattafai. Na je. Takalman Anísio na gani a ƙafar mai ban ruwan furanni. Ni na sayo masa su. Mutumin ya ga na gani, sai ya nuna mini inda aka binne shi da haɓa."

"Ka yi me?"

"Na auna kantar."

Ya nemi takarda da fensir da rula. Ya zana gidan daga sama, da ɗakin baya, da rijiya, da shinge. Ya ja layi daga bakin rijiya zuwa gabas, ya rubuta mita goma sha huɗu. Daga nan ya ja wani ya nufi wajen shinge, mita shida. Ya sa ƙaramin gicciye, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu a ƙasa yadda yake yi wa kowane zanensa.

"Da ƙafa na taka, ina yi kamar ina shan sigari. Ni duk abin da na gani sai na auna. Ba zai wuce taku ɗaya ba."

"Kai ka riƙe ni ranar baftisma."

"Ni na riƙe ki."

Ya jira ko zan ƙara wani abu. Ya miƙo hannu in tayar da shi, kamar kullum. Baba Firmino ne ya kama shi ya kai shi mota.

Alhamis, 2 ga Yuni, ƙarfe 1 na rana

Rômulo ya kira yana ihu. Baffa na asibiti tun jiya, bakinsa ya karkace, ba ya magana. "Me kika ce masa? Me kika ce masa?" Na ce masa kalma shida ce: kai ka riƙe ni ranar baftisma.

Na kai kujerar da zanen wurin wata lauya mai bin sawun waɗanda suka ɓata a wancan zamani. Ta sa safar hannu kafin ta taɓa. Ta riƙe na asali, ta ba ni kwafi. Ta ce tono sai da izinin kotu, zai ɗauki watanni, kuma kada in kusanci gidan.

Daga can na wuce Santo André. Na gaya wa Mama duka. Ba ta yi kuka ba. Ta sa yatsa a kan gicciyen da ke jikin zanen ta ce, "Watanni? Shekarata saba'in da tara. Ranar Lahadi za ki kai ni."

Asabar, 4 ga Yuni, ƙarfe 4 na yamma

An zo an kwashi bakwai ɗin. Sun yi kyau. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsu ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Lahadi, 5 ga Yuni, ƙarfe 1 na rana

A bakin rijiyar nake rubuta wannan.

Akwai allon sayarwa a ƙofar gidan. Baba Firmino ya sa kwat ɗin auren 'yarsa, ya ce wa mai gadi shi mai gidajen mai ne, yana nema wa yayarsa, wato Mama, wurin hutawa, kuma ba ya sayen fili sai ya auna. Mai gadin ya buɗe yana mana kallon rashin yarda.

Tef ɗina mita biyar ne. Baba Firmino ya riƙe bakin tef ɗin, ni na ja. Biyar, biyar, huɗu. Muka juya wajen shinge. Biyar, ɗaya. Ba komai a wurin, ciyawa ce, sai ƙasar ta ɗan lotsa kamar inda aka daɗe da cire bishiya, tsawon mutum.

Mama ta cire takalmanta. Ta zauna a ƙasa da rigar cocinta, ta gyara zama, ta dafa ciyawar da tafin hannu.

"Anísio, ni ce, Jandira. Na tsufa, kada ka tsorata."

Sai ta shiga ba shi labari tun daga farko, da muryar da take hira a kicin. Yadda rufin ya zube shekarar da ya tafi. Mutuwar uwarsa, da wanda ya ɗauki akwatin. Ƙanensa da ya koma shan giya ya daina ya sake komawa. Ni da jarrabawar da na faɗi, da mijin da na aura ba da son ranta ba.

Mai gadin ya daɗe yana waya a bayan ɗakin nan marar taga, yana leƙo mu. Yanzu ya je ya buɗe ƙofar waje duka biyu ya tsaya. Ina jin ƙarar mota tana hawowa daga wajen dam. Baba Firmino ya zo sau biyu ya ce, "Uwar ɗakina, mu kama hanya."

A labarin nata, Mama ba ta kai shekarar da na buɗe shago ba tukuna. Za mu jira ta gama.